Ƙafa biyar a gaban kowane shago: saƙo daga Penang zuwa Jos

Mutanen Jos, ina gaisuwa. Masu tambayata yadda karatu yake, yana tafiya, alhamdulillahi, amma ba shi ya zaunar da ni rubutu yau ba. Maganar baranda ce, irin ta gaban shago.

Wata Asabar na yi sallar la'asar a masallacin Kapitan Keling, a tsakiyar tsohon garin George Town da ke tsibirin Penang, nan Malesiya. Liman na yin sallama ruwa ya tsinke kamar da bakin ƙwarya. Na yi abin da kowane ɗan Jos zai yi a watan Agusta: na nemi gindin ginshiƙi na zauna, na cire rai da komawa gida kafin magariba. Sai mai gidan da nake haya, wani dattijo Ba'indiye Musulmi da ya haura saba'in, ya taɓa ni da sandarsa ya ce in tashi mu tafi. Na ce, "Baba, ba ka ga ruwa ba?" Ya ce ya gani, in dai taso.

'Yar ƙaramar laima ce a hannunsa, ita ma sai za mu tsallaka titi yake buɗe ta. Da mun tsallaka sai ya naɗe, domin mun shiga ƙarƙashin rumfa. Shagunan garin a manne suke da juna, kowanne da bene a kansa, benen kuma ya zazzago gaba ya rufe wata 'yar hanya tsakanin ƙofar shago da titi. Barandar wannan ta haɗe da ta wancan, ta wancan ta haɗe da ta gaba, har ƙarshen layi. A cikin ruwan nan dattijo ya tsaya kemis ya karɓi maganin hawan jini, ya leƙa wurin tela ya tambayi rigarsa, ya sayi burodi, ya tsaya ya yi gardamar ƙwallo da wani Basine mai gyaran agogo. Muka isa gida ƙafar wandona kaɗai ta jiƙe. Hulata ko ɗigo bai taɓa ta ba.

Ya lura da yadda nake ta ɗaga kai ina kallon rufin, sai ya tambaye ni ko a garinmu ba a yin baranda. Na ce ana yi mana. Ya ce, "To su wa ke bi ta ciki?"

Ban ba shi amsa ba, ku ma kun san dalili. Barandar shago a wurinmu ta janareta ce, da buhunan shinkafa, da mai cajin waya, da dilar gwanjo. Wanda ya ga dama ma sai ya sa birkila ya toshe ta ya mai da ita ƙaramin shago ya ba da haya. Mai tafiya a ƙasa kuwa sai ya sauka kan kwalta ya yi kokawa da keke, ga lambatu a buɗe a gefe yana jiran ƙafarsa. Tun ranar tambayar nan take cina, har ta sa na shiga bin diddigin yadda aka yi su suka samu nasu.

Ashe ba kirkin masu shago ba ne, doka ce, kuma tsohuwa. Garin kansa wani Bature mai suna Francis Light ya kafa shi a 1786, bayan kamfanin Ingila mai kasuwanci a Indiya ya karɓi tsibirin daga hannun Sarkin Kedah. Tsarin barandar kuma daga Singafo ya zo, inda Baturen mulkin Ingila Stamford Raffles ya ba da umarni a 1822 cewa duk gidan da za a gina a bakin titi ya bar rufaffiyar hanya a gabansa, wadda kowa zai iya bi a kowane lokaci. Faɗinta wajen ƙafa biyar, kusan mita ɗaya da rabi. Filin na mai gida ne, shi ya gina, shi ke sharewa, amma ba shi da ikon hana ka wucewa. Kada ku ɗauka a ruwan sanyi aka samu haka. A 1888 sai da aka yi tarzoma a Singafo lokacin da hukuma ta tashi korar masu kasa kaya a cikin barandun. Wato halin nan namu na cinye hanya su ma sun yi fama da shi, bambancin kawai su an tsaya a kan maganar.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne da na gano kuɗin da suka gina da dama cikin gidajen nan irin namu ne. Kuza. A wancan zamani, ta tashar jiragen ruwan Penang ake fitar da kuzar da ake haƙowa a jihar Perak ta Malesiya da kudancin Tailan, a nan kuma ake narka ta. Lokacin da kakanninmu suka baro Kano da Zariya da Bauchi da Barno suna wanke kuza a Bukuru da Barikin Ladi, 'yan China na yin irin aikin a nan. Kasuwa ɗaya muke kai wa a Landan, kuma faɗuwar farashin kuza ta 1985 tare ta buge mu. Jos ba baya take ba a lokacin. Jirgin ƙasa ya iso mana daga Zariya tun 1914, kamfanin NESCO na ba da wutar ruwa daga Kurra tun wasu manyan birane na kwana a duhu. Su kuzarsu ta bar musu layukan benaye da ake zuwa kallo daga Turai. Mu tamu ta bar mana kududdufai da ke cin yara duk damina.

Kuma fa muna da irin unguwar nan. Duk wanda ya girma tsakanin titin Masallacin Juma'a da Gangare da Dilimi ya san rayuwar da ba ta buƙatar mota. Da ƙafa muke zuwa makaranta, da ƙafa Inna take aikenmu Taminus, da ƙafa ake zuwa gidan rasuwa da gidan suna. Tsofaffin kantunan Kwara, wato 'yan Lebanon, da ke kan Ahmadu Bello Way ai da barandunsu aka gina su. Kasuwar Taminus ta ƙone a watan Fabrairun 2002, 'yan kasuwa suka watsu kan tituna, daga nan ban ƙara ganin hanyar ƙafa a tsakiyar Jos ba. Yaron da aka haifa a shekarar gobarar yau ya isa aure, kango na nan tsaye.

Ɗakina a saman shagon kayan yaji yake. Gidan siriri ne ta fuska amma yana da zurfi sosai, kuma a tsakiyarsa an bar wani rami buɗe har sama, iska da haske na shigowa, ruwan sama na sauka cikin 'yar kwata ya fice. Magina na da suka yi wannan dabara tun babu fanka. Daga ƙofata zuwa masallaci, da kasuwar Chowrasta, da asibitin unguwa, da wurin aski, da tashar bas, babu inda ke cin minti goma sha biyar. Akwai wata bas da ake kira CAT mai zagaya tsakiyar garin daga bakin tashar jirgin ruwa zuwa dogon benen Komtar, kyauta take, da sanyinta. Wuta ba ta ɗaukewa, famfo ba ya ƙafewa, wannan ba sai na tsawaita ba, kun gaji da jin irinsa daga bakin 'yan waje. Abin da ban taɓa jin wani ya faɗa muku ba shi ne yadda tsufa yake da sauƙi a irin wannan wuri. Mai gidana ba ya tuƙi, ba ya jiran ɗa ya zo ya kai shi ko'ina, ba ya aiken kowa. Na tuna Baffana da aka gina wa gida mai kyau a bayan gari, aka zagaye shi da katanga da waya. Tun da ƙafarsa ta yi rauni ya daina zuwa jam'i, abokansa na cikin gari sai a waya. An kyautata masa, an kuma ɗaure shi.

Laifinmu ne wannan, ba na gwamnati kaɗai ba. A wurinmu tafiya a sayyada alamar karyewa ce. Mutum ya samu ɗan abin hannu, abin farko shi ne ya bar unguwar da ta raine shi, ya koma Rayfield, in ya fi haka ya wuce Abuja ya shige wani rukunin gidaje a Gwarinpa inda sayen burodi ma sai an tayar da mota. A nan na ga malamin jami'a mai furfura da jakarsa a baya yana jiran bas, ba wanda ya kalle shi sau biyu. A Jos da an fara tambaya a ɓoye ko an kore shi daga aiki ne.

Kada ku ce na sayar da garinmu saboda baranda. Akwai abubuwan da ke ci mini tuwo a ƙwarya a nan, na farkonsu neman ɗaki. A waya dillali zai ce akwai, ka zo ka gani. Yana ganin fatarka sai ɗakin ya zama an riga an kama. Wata mata ba ta ma wahalar da kanta da ƙarya ba, ta ce ba ta ba 'yan Afirka haya, ta rufe ƙofa. Na tsaya a cikin kyakkyawar barandarta, wadda doka ta ba ni ikon bi, ina haɗiyar takaici. Dattijon nan ne ya karɓe ni, shi ma don ya saba ganina a sahu.

Na biyu, unguwar tana zama kasuwar 'yan yawon buɗe ido. Abin da ya tsare tsofaffin gidajen nan daga rusau, ban da 'yan layukan da aka share don gina dogon benen Komtar, wata dokar ƙayyade kuɗin haya ce ta 1966. Mai gida ba ya iya ƙara haya, ba ya iya korar ɗan haya cikin sauƙi, don haka bai rushe ba, bai kuma gyara ba. Garin ya rasa matsayinsa na tashar da ba a biyan kuɗin fito a 1969, kuɗi suka koma wajen masana'antun Bayan Lepas da ke kudancin tsibirin, aka manta da tsohon gari. Mantuwar ce ta cece shi. Da dokar hayar ta daina aiki a farkon 2000, haya ta yi tsalle, iyalai da masu sana'ar hannu suka fara tattara kaya. Sai hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa garin cikin wuraren tarihi na duniya a 2008, tare da garin Melaka. An hana rusau, an hana gini ya wuce mita 18 a yankin, madalla. Amma inda maƙeri yake jiya, yau otel ne ko shagon kofi, kofin da kuɗinsa zai ciyar da ni yini guda. Ranar Lahadi titin Armenian ba ya biyuwa saboda masu layin ɗaukar hoto da zanen bango. Barandar ma ba ko'ina take a buɗe ba: wani ya faka babur, wani ya jera tebura, wani wurin matakala ce da keken guragu ba zai hau ba. Laifi tudu ne, su ma suna da nasu.

Ga zafi. Ɗan Jos bai san abin da Allah Ya ba shi ba sai ya kwana a inda gumi ke tashinsa da asuba. Ina kewar hazon Disamba da rigar sanyi, da shayin mai shayi da ke ƙona harshe. Ana samun abincin halal a ko'ina, shinkafar da suke kira nasi kandar ma ba laifi, amma komai sai sun sa masa sukari, har miya. Dankalin turawan da ake sayarwa a nan, wanda ya san na Bokkos ba zai kira shi dankali ba. Zan iya ba da bas ɗin kyautar nan a ba ni kwanon gwaten acca da masa mai zafi.

Akwai abu guda da nake wucewa kullum da ba na son in yi dogon bayani a kai. Titin da masallacinmu yake, masallacin da 'yan kasuwa Indiyawa Musulmi suka gina a 1801, a kansa cocin St. George yake tun 1818, da gidan ibadar 'yan China, da na Hindu. Gaba kaɗan ga masallacin Lebuh Acheh na 1808, inda a da maniyyata daga Sumatra da sauran yankin ke taruwa su jira jirgin ruwan Jidda. Su ma ba mala'iku ba ne, an zubar da jini a titunan nan a rikicin 1867. Sai dai har yau hanyar kowa zuwa kasuwa ta gaban ƙofar ɗan'uwansa take bi, ko yana so ko ba ya so. Mu tun rikicin Jos na 2001 kowa ya san layin da ba ya tsallakawa bayan magariba, har direban keke sai ya tambaye ka wace unguwa kafin ya ce hau.

Yayana na gina shaguna huɗu a filin gadonmu da ke kusa da Bauchi Road, da ɗan kuɗina a ciki. Na kira shi na ce, "Yaya, don Allah a ja ginin baya kaɗan, a bar ƙafa biyar a rufe a gaba, kada a ba kowa haya a wurin." Ya yi shiru, sannan ya tambaye ni ko zafin Malesiya ya fara taɓa ni. Ya ce ko ya bari, kafin sati mai POS ya kafa tebur, maƙwabcinsa na dama kuma ya riga ya kawo katangarsa har bakin lambatu, to barandar ta haɗe da ta wa? Na ce ya bari dai, ni zan biya kuɗin kwanon da sumunti. Ya ce in turo, zai yi shawara da birkila. Wanda ya bi ta wurin a cikinku ya ɗauko mini hoto, domin na san halin Yaya.