Spare Parts ko Davros? Ni dai nace ka ɗauki Spare Parts

Ɗan uwa tunda kuɗin guda ɗaya kake da shi kuma tsakanin Spare Parts da Davros kake kokwanto, to Spare Parts zaka siya, kada ma ka tsaya dogon tunani. Duka biyun ina da su, wasannin kwaikwayo ne na sauti na Doctor Who, shirin BBC na wani mai yawo a zamani da sararin samaniya da ake kira Doctor, duka na kamfanin Big Finish ne na Ingila, waɗanda suka fara fitar da Doctor Who na sauti a 1999 lokacin da BBC ta daɗe da dakatar da shirin a talabijin, amma wallahi ba ɗaya suke ba a wajena.

Spare Parts ya fito a 2002, Marc Platt ne ya rubuta, Peter Davison ne Doctor, Sarah Sutton kuma Nyssa, abokiyar tafiyarsa. Labarin asalin Cybermen ne, mutanen da aka mayar rabi mutum rabi ƙarfe, waɗancan na farko da suka bayyana a talabijin a labarin The Tenth Planet a 1966 masu fuskar ƙyalle da murya mai hawa da sauka kamar ana rera karatu, kuma wannan muryar ce aka dawo da ita, Nicholas Briggs ne yake yi. In baka taɓa jinta ba da farko zata maka wani iri, amma ka bari ka shiga kashi na uku, zaka ji tsikar jikinka na tashi duk sanda ɗayansu ya buɗe baki.

Abun da yasa nake son shi shine babu wani mugun sarki da ya zauna yace zai ƙera dodanni. Duniyarsu Mondas ta ɓace daga hanyarta tana yawo nesa da rana, sama ta daskare, mutanen da suka rage sun koma birni guda a ƙarƙashin ƙasa, abinci da awo, dokar hana fita da dare, cuta ta kama ƙirjin mutane, zuciyar wanda ta gaza sai a saka masa ta ƙarfe don ya rayu, yau zuciya gobe hannu jibi kuma sai a ce to a cire masa tausayi da tsoro tunda su ne ke haukata shi in ya hau sama ya ga sararin samaniya. Likitar da ke yin aikin ma ba muguwa bace, ceton jama'arta take ganin tana yi, ga Kwamiti a samanta yana matsa mata. Shi kuma Doctor ya san ƙarshen abun sarai, ya san Cybermen ɗin nan ne sanadin mutuwar Adric abokin tafiyarsu, ga Nyssa na ta roƙonsa ya yi wani abu, shi kuma yana ganin tarihi ba ya canzuwa.

Sai iyalan Hartley, uba da ɗansa Frank da 'yarsa Yvonne. A mota na saurari wajen nan da daddare a hanyar Zariya zuwa Kano, kowa ya yi barci sai ni da iyafis a kunne. An kira Yvonne aikin gwamnati, uban har alfahari yake an zaɓi 'yarsa, bai san me ake nufi da kiran ba. Wuta ta ɗauke ana tsakiyar yi mata aiki, sai ta tashi a haka rabi mutum rabi ƙarfe ta kama hanyar gida, ba ta iya magana sai wani kuka da ke fitowa ta cikin na'ura, uban ya gane ta, ya dinga lallashinta yana mata magana a hankali kamar yarinya ƙarama. Na rantse maka sai da na cire iyafis ɗin na ɗan huta kafin na ci gaba. Da a talabijin ne da kayan da aka saka mata zasu ɗauke maka hankali, amma a kunne kai ne kake zana fuskar da kanka, mu da muka tashi da wasan kwaikwayon rediyo mun san wannan. Ba banza ba masu shirin talabijin suka ɗebi tunanin labarin da suka dawo da Cybermen a 2006, har sunan Marc Platt suka saka a godiya.

Davros kuwa, na 2003, labarin mugun masanin kimiyyar da ya ƙera Dalek ne, waɗancan dodannin cikin sulken ƙarfe manyan abokan gaban Doctor, Colin Baker ne Doctor, sai Terry Molloy wanda dama shi ya fito a Davros a talabijin daga 1984 zuwa 1988. Ba zance maka ba kyau ba, Molloy ya iya, amma surutu ne zalla, wani babban kamfani ya ɗauki Davros aiki, ana ta zancen hannun jari da kasuwa sama da awa biyu, kuma Dalek ko ɗaya babu a ciki. In baka kalli Genesis of the Daleks na 1975 ba, labarin talabijin da Davros ya fara fitowa a ciki, rabin daɗin zai wuce ka, in kuma Turancinka bai zauna sosai ba zaka gaji. Nawa yana nan a waya, ban cika komawa kansa ba.

Sannan dan Allah ka kula da masu siyarwa. Akwai masu talla a guruf guruf suna cewa ka turo kuɗi su tura maka duka na Big Finish a memori ko a Telegram, wasu in ka tura sun toshe ka kenan, wasu su turo maka fayil da aka yanke kashi na huɗu, ko sautin an matse shi ya koma kunne ɗaya, kuma wannan wasan in babu kunne biyu an kashe shi. Haka masu cewa suna da sabon faifan CD a leda, Big Finish sun daɗe da daina buga faifan waɗannan na farkon, saukewa kawai ake yi, in ka ga faifai to na hannu ne ko kuma kwafi, kada wani ya tsuga maka kuɗi da sunan sabo. Kai tsaye ka je shafinsu, tsofaffin nan su ne mafi araha a wajensu, in ka siya yana zama a akawun ɗinka ka saurara a manhajarsu ko ka sauke. In katin nairarka ya ƙi tafiya ka nemi ɗan uwa mai katin dala da ka yarda da shi ya biya maka, amma da imel ɗinka za'a buɗe akawun ɗin, ba nasa ba.

Kashi huɗu ne, kusan awa biyu. Kada ka saurara a sifika kana wani aikin, ka samu hedifon mai kyau ka ware masa dare guda. In ka gama kuma kuɗi ya samu, kafin Davros ma ni Jubilee zan ce ka siya, na Robert Shearman, a nan ne zaka samu Dalek ɗin da babu a Davros.