Sharhi: Phalaenopsis equestris a aikin renon okid na haɗin gwiwa

Ƙungiyarmu ta masu sha'awar tsirrai ta yanke shawarar sayen okid, wani dangin tsirrai da ake renowa don kyan furensu, nau'i guda daga wuri guda, a raba wa kowa ya rena a gidansa, sannan a riƙa kwatanta yadda yake girma a hannaye daban-daban. Dangin okid ya ƙunshi nau'o'i kusan 28,000, amma da zarar an gindaya sharaɗin cewa kowa ya iya biya ba tare da takura ba, sai jerin ya tsuke ƙwarai. A ƙarshe mun tsaya a kan Phalaenopsis equestris, ƙaramin okid wanda asalinsa Filifins ne da kudancin Taiwan, kuma bayan na rene shi har ya yi fure, ina ganin zaɓin ya dace, ko da yake yana da illolin da ya kamata mai saye ya sani.

Abin da ya fi cin lokacinmu shi ne girman tsiron da za a saya, domin a nan ne araha ke yaudarar mutane. Irin okid kamar ƙura yake, ba shi da abincin da zai ciyar da kansa, kuma a daji sai ya haɗu da wani nau'in fungas kafin ya tsiro. Tun da Lewis Knudson na Jami'ar Cornell ya nuna a 1922 cewa ana iya tsirar da shi a kwalba a kan abinci mai sukari, masu gandun reno suke sayar da kwalabe cike da jariran tsirrai, kuma idan aka raba kuɗin kwalba a kan yawan abin da ke ciki, babu hanyar da ta kai ta sauƙi. Sai dai tsiron da ya fito daga kwalba bai saba da busasshiyar iska ba, yana saurin ruɓewa, kuma yakan ɗauki shekaru kafin ya nuna fure. A aikin ƙungiya wannan babbar matsala ce, domin wanda nasa ya mutu a makonnin farko ya fita daga aikin ke nan, wanda nasa ya rayu kuma zai gaji da jira. Saboda haka muka ƙara kuɗi kaɗan muka sayi waɗanda suka kusa kai girman yin fure, kowanne a tukunyarsa, kuma a ganina wannan ƙarin shi ne kuɗin da ya fi amfani a dukan aikin.

Mun duba wasu nau'o'in kafin mu tsaya a nan. Haɗaɗɗun Phalaenopsis masu manyan furanni, wato waɗanda aka samo ta hanyar haɗa nau'o'i daban-daban, waɗanda ake ninkawa da yawa a Taiwan da Holan, suna da araha, amma galibi ba su da suna a jiki, ga shi an riga an tura su yin fure a gidan gilashi, don haka abin da mutum zai gani a watannin farko aikin mai gandu ne. Dendrobium kingianum na gabashin Ostireliya yana da juriya, sai dai yana son sanyi da ɗan ƙarancin ruwa kafin ya yi fure. Epidendrum radicans kuwa yana buƙatar rana mai ƙarfi da fili, abin da mai zama a ɗaki guda ba shi da shi.

Tsirran sun iso da ganye masu kauri da saiwoyi masu koren baki, alamar suna cikin girma, amma an cusa su cikin gansakuka mai matsewa wadda ke riƙe ruwa fiye da kima. Wannan ne babban ƙorafina a kan yadda ake sayar da su. Equestris a jikin bishiya yake rayuwa, saiwarsa tana da wata farar fata mai tsotse ruwa da sauri, kuma tana son ta sha iska tsakanin shayarwa da shayarwa. Na mayar da nawa cikin gutsattsarin ɓawon itace da ɗan gawayi, a tukunyar roba da ake hangen saiwa ta jikinta, ina shayarwa idan saiwar ta koma fari-fari, ina kuma kiyaye kada ruwa ya kwana a tsakiyar ganyen, domin tsiron kai ɗaya gare shi, kuma idan wurin ya ruɓe da wuya ya farfaɗo. Haske mai yawa wanda rana ba ta bugawa kai tsaye ya ishe shi, da taki mai rauni lokaci-lokaci. Asarar da aka yi a ƙungiyar kusan duka daga yawan ruwa ta fito.

Furen kansa ƙarami ne, faɗinsa bai wuce santimita 3 ba, launinsa tsakanin fari da ruwan hoda, leɓensa, wato ɓangaren furen na ƙasa, ya fi duhu. Wanda ya saba da manyan furannin kanti zai iya raina shi da farko, kuma wasu daga cikinmu sun raina. Amma karan furen yana ci gaba da tsawo yana fitar da sabbin furanni na watanni, kuma a ƙarshensa yakan haifi ɗan tsiro, wanda masu harkar ke kira keiki, da ake yankewa a dasa idan saiwoyinsa suka yi tsawon yatsa. Wannan hali shi ne ya fi burge ni, domin da shi aka maye wa waɗanda suka yi asara ba tare da an sake saye ba. Lokacin furen bai zo ɗaya ba, domin Phalaenopsis yakan jinkirta fitar da kara idan zafi ya dawwama sama da digiri 28 na ma'aunin Celsius, kuma da yake daga iri aka samo tsirran, launi da siffa sun ɗan bambanta. Duk ƙungiyar da ke son kwatanci na tsanaki ya kamata ta nemi waɗanda aka ninka daga uwa ɗaya.

Dukan okid suna ƙarƙashin yarjejeniyar CITES ta 1973, wadda ke tsara cinikin tsirrai da namun daji tsakanin ƙasashe, don haka sayen su daga wata ƙasa yana buƙatar izini da takardar lafiyar tsiro, kuma kuɗin waɗannan na iya cinye rangwamen da aka samu na sayen sari. Haka kuma, musayar tsirrai tsakanin mambobi tana yaɗa fararen ƙwarin nan masu kama da auduga da cututtukan bairas da ba su da magani, shi ya sa muka sanya dokar ƙona bakin almakashi kafin kowane yanka da keɓe sabon tsiro na wasu makonni kafin a haɗa shi da sauran.