Gargaɗi: a yi hattara da masu tallar oba-oba mai "wat 50, kilomita 100"

Jama'ar Gusau, Bunguɗu, Tsafe, Ƙauran Namoda da ƙauyukan da ke kewaye, ina roƙon ku da ku karanta wannan ku kuma tura wa shugabannin masu gadin unguwa da ƙungiyoyin manoma. Akwai wani mutum da ke tallar oba-oba a WhatsApp da Facebook, yana cewa nasa masu ƙarfin wat 50 ne, wai kana Gusau za ka yi magana da na Talatar Mafara. Sharaɗinsa shi ne a tura kuɗi tukuna, shi kuma ya ba direba kayan a tasha. Sana'ata gyaran rediyo da waya, kuma irin kayan nasa sun zo teburina daga hannun mutanen da suka yi karo-karo suka saya. Damfara ce.

Abin da yake turowa ƙananan rediyoyin China ne irin su Baofeng BF-888S da UV-5R, ko ma kwaikwayonsu, an manna wa kwalin sabuwar takarda. Su kansu rediyoyin ba su da laifi, suna aikinsu daidai kuɗinsu. UV-5R na fitar da wat 4 zuwa 5, BF-888S kuwa wajen wat 2. Ku juya batirin UV-5R ku karanta abin da ke jikinsa: bolt 7.4, 1800mAh. Da a ce da gaske rediyon na cilla wat 50, wannan batirin ba zai yi minti goma ana magana ba, kuma zafi zai hana ka riƙe shi. Rediyoyin da ke da wat 50 na gaske a mota ake ɗaura su, da batirin mota da dogon eriya a kan rufi.

Ko da wat ɗin gaskiya ne, ba shi ke sayo nisa ba, kuma nan ne ya fi ci mini rai, domin da wannan rashin sani yake cin mutane. Zangon da waɗannan rediyoyi ke aiki a kai, VHF da UHF, saƙonsa a miƙe yake tafiya. Ba ya tsallake lanƙwasar ƙasa kamar gajeren zangon da iyayenmu ke kama BBC da shi. Mutum biyu a tsaye, kowa da rediyonsa a bakinsa, a fili fetal babu tudu babu itace, iyakar abin da ƙasa za ta bari wajen kilomita 10 ne. A cikin gari, tsakanin gine-gine da rufin kwano, kilomita 1 zuwa 3 ne abin da za ka sa rai da shi. Da damina, dawa da gero sun yi tsawo, daji ya rufe, nisan ya ƙara raguwa. Kamar tocila ce a bayan katanga: ka sa mata sabon batir haske ba zai huda ginin ba, amma ka ɗaga ta sama da katangar sai a hango ta daga nesa. Don haka wanda ya hau kan soro, ko tankin ruwa, ko dutse irin na Kwatarkwashi da rediyon wat 2 zai ji nesa fiye da mai wat 8 da ke tsaye a cikin kwari. A lissafi ma, ko a sararin da babu abin da ya tare, sai ka ninka ƙarfi sau huɗu kafin nisa ya ninka sau biyu. Daga wat 5 zuwa 8 da kyar kunne zai ji bambanci, batir ne kawai zai riƙa mutuwa da wuri.

In mutum ya koma ya yi ƙorafi, sai mai tallar ya ce ai eriya ce ba ka saya ba, ka ƙaro kuɗi a aiko maka da "Nagoya". Gaskiya ne eriya mai kyau ta fi ƙarin wat amfani. Nagoya NA-771 ta asali, mai tsawon kusan santimita 39, ta fi guntuwar da ke zuwa a kwali, musamman a VHF inda tsawon da ya dace ya kai wajen rabin mita. Sai dai jabunta ya cika kasuwa, kuma jabun wani lokaci bai kai ta kwalin ba. Eriyar da ba ta dace da zangon ba tana mayar da wuta cikin rediyon, ya yi ta zafi har abin da ke cilla maganar ya ƙone. Haka ma danna maɓallin magana babu eriya a kai. Kar a bar yara su yi wasa da shi.

Akwai kuma wani nau'in da yake kira "mai kilomita 5000". Wannan layin waya ake sa masa, ta intanet yake tafiya. Mu da muka ga watan Satumba na 2021, lokacin da aka rufe sabis a faɗin Zamfara, mun san ranar da za a fi bukatarsa ita ce ranar da zai yi shiru. Mutanen da ke ƙauyen da babu ƙarfen sabis kuwa tun ranar farko ba zai yi musu komai ba.

Bidiyon da yake nunawa kada ya ruɗe ku. Murya na fitowa tana cewa "ina Ƙaura, ina jin ka", alhali ba wanda ya ga inda mai maganar yake tsaye. Yana iya kasancewa a bayan shago.

Wanda zai saya, ya saya hannu da hannu. A ɗauki biyu, ɗaya ya tsaya a shago, ɗaya ya hau babur, ana magana har inda murya ta yanke, a duba nisan. Mutumin da ya je ɗin ya zama naku ne, ba yaron mai kaya ba. In ana bukatar haɗa ƙauyuka masu nisa, abin da ke yi shi ne eriya a kan dogon ƙarfe, ko na'urar da ake ɗorawa a wuri mai tsayi ta karɓi magana ta sake cilla ta, kuma wannan aikin masani ne. A tuna cewa zangon rediyo gwamnati ke raba shi da lasisi, kuma UV-5R na iya faɗawa kan zangon jami'an tsaro, don haka a sanar da hukuma kafin a fara amfani da shi. A kuma sani cewa maganar oba-oba a buɗe take, duk mai irinsa da ya dace da tashar zai ji ku, har wanda kuke gudun ya ji.

Waɗanda suka riga suka tura kuɗi, ku ajiye rasit da hotunan hirarku da shi, ku kai ƙara ofishin 'yan sanda da bankinku tun bai canja lamba ba. In ku da yawa ne ku je tare.