Highlander ko Pilot, ga gida mai yara huɗu

Ɗan'uwa, ka ce zaɓinka ya tsaya kan jif biyu na hannu, Toyota Highlander da Honda Pilot, duka ƙirar 2018 masu silinda shida. Ku shida ne a gida, kai da maiɗakinka da yara huɗu, wani lokaci kuma mahaifiyarka ta zama ta bakwai. Kana son sanin wacce za ka ɗauka.

Yawancin mutane daga inji suke fara wannan muhawara. Ni a naka lissafin daga layin kujeru na uku zan fara, tunda layin tsakiya mutum uku yake ɗauka, kenan ko ina za ku je dole wani ya koma can baya. A nan Pilot ta yi wa Highlander nisa. Wurin miƙe ƙafa a layinta na uku ya kai kusan santimita 81, na Highlander kuwa kusan 70 ne. A takarda tazarar ba ta da yawa, amma wanda ya zauna awa uku gwiwarsa na dukan bayan kujera shi zai ba ka labarinta. Ga shi kujerar bayan Highlander a ƙasa take, mai zama kamar ya tsuguna. Ɗan shekara bakwai ko a jikinsa, sai dai motar da za ka saya yau tana nan lokacin da zai kai sha huɗu, kuma a ranar za a fara rigimar wanda zai shiga baya. Pilot ta fi faɗi da kusan santimita 7, shi ya sa mutum uku suke zama a tsakiya ba tare da gogar kafaɗa sosai ba. In an tayar da kujerun duka, abin da ya rage na but a Pilot kusan lita 470 ne, a Highlander kusan 390. Duk biyun ba za su ɗauki akwatunan mutum bakwai ba, amma ɗaya ta fi ɗaya dama-dama.

Ka kuma ƙirga kujerun da idonka. Manyan samfuran kowacce, irin su Pilot Elite da Highlander Limited, sukan zo da kujeru biyu rak a tsakiya, jimilla mutum bakwai maimakon takwas. Sun fi daɗin zama, sai dai ranar da Hajiya ta shiga, yara uku ne za su cunkushe a baya.

Inji kuwa kusan kunnen doki ne. Duka lita 3.5 ne, Highlander ƙarfin doki 295, Pilot 280, kuma ba za ka ji wannan bambanci a ƙafarka ba. Shan mai ma haka, kowacce tana cin lita 10 zuwa 11 a kilomita 100 in an haɗa tuƙin gari da na babbar hanya. Akwai Highlander mai haɗa fetur da batir da ke saukowa wajen lita 8, abin da Pilot ba ta da irinsa, amma ba ita ke gabanka ba.

Inda Toyota take rama bashi shi ne wajen bakanike. Taimin ɗin injin Highlander, wato abin da ke daidaita buɗewa da rufewar bawul da motsin fistin, sarƙa ce ta ƙarfe, wadda in ana sauya baƙin mai a kan lokaci ba kasafai ake taɓa ta ba. Na Pilot ta 2018 bel ne, kuma ana sauya shi a wajen kilomita 170,000 ko shekara bakwai, duk wanda ya riga zuwa. Motar 2018 ta cika shekara bakwai tun 2025. In bel ɗin ya tsinke ana cikin tafiya, fistin ne zai doki bawul, aikin ya koma buɗe kan inji. Don haka in mai Pilot bai nuna maka takardar sauya shi ba, ka ɗauka ba a sauya ba, ka cire kuɗin aikin daga ciniki, a haɗa da famfon ruwa tunda buɗewa ɗaya ce.

Sai giya, kuma a nan ina da ra'ayi mai ƙarfi. Pilot ta 2018 iri biyu ce: ƙananan samfura LX, EX da EX-L suna da giya shida ta Honda, Touring da Elite kuma giya tara ta kamfanin ZF, mai maɓallai a maimakon sanda. Giya taran nan ta sha ƙorafi kan fizga da jinkiri a tafiyar cunkoso, har Honda ta gyara saitinta a ƙirar 2019. Ni da zan saya, mai giya shida zan nema ko da kujerunta ba su kai na Elite ƙyalli ba. Highlander mai silinda shida irin wadda ke gabanka giya takwas take da ita tun 2017. Ita ma an yi kuka da ita a shekarar farko, amma bai kai na waccan ba.

Kayan kariya: tun 2017 kowace Highlander tana zuwa da birki mai kama kansa in ya hangi karo, da gargaɗin fita daga layi. A Pilot sai 2019 wannan ya game duka samfura, saboda haka ta 2018 tana iya zama da shi, tana iya rasawa. Highlander ta ɗan fi tsayi daga ƙasa, santimita 20 a kan 18 da rabi, amma babu wadda aka ƙera don ratsa daji. Galibi Toyota ta fi riƙe darajarta ranar sayarwa, kuma wannan ne ya sa za ka iske ta fi tsada yanzu.

Da yaranka biyu ne ko uku, layi na uku sai ranar baƙi, da na ce maka Highlander ba tare da dogon tunani ba. Da yara huɗu kuwa, Pilot mai giya shida da kujeru takwas ta fi dacewa da ku, muddin an sauya bel ko za ka sauya shi a makon farko. Ranar gwaji ka tafi da babban yaronka ka sa shi can baya a kowacce, ka bi hanya mai cunkoso na minti ashirin kana sauraron yadda giya ke canzawa, sannan bakanikenka, ba na mai sayarwa ba, ya sa na'ura ya karanta kwamfutar motar kafin ka ba da ko sisi.