Top gasket ɗin Elring da na sa wa Golf 3 a gida: ya ci kuɗinsa, amma da sharaɗi

Jama'a masu Golf 3 da ma duk mai tsohuwar mota da ta fara shan ruwa tana tafasa, ga abun da na gani game da saitin top gasket (shimfiɗar da ke toshe tsakanin kan inji, wato top, da bulok) na Elring da na siya na ɗaura da hannuna a gida, ni da ƙanena da yake koyon kanikanci. Tun farko in faɗa, kayan na da kyau, na gamsu, in za a sake zan sake siya, sai dai duk wanda ya ɗauka tsadar gasket kaɗai ce za ta hana mota sake ƙona shi to ya shirya siyan wani.

Motar tawa 1.8 ce mai bawul 8, injin nan mai lamba ABS (lambar inji ce, ba birki ba) mai inja guda ɗaya a sama, irin wanda Volkswagen suka riƙa sawa a Golf 3 da suka ƙera daga 1991 zuwa 1997, kenan ko ƙaramar cikinsu ta doshi shekara 30 yanzu. Bulok ɗinsa baƙin ƙarfe ne, top ɗin kuma alminiyam, kuma nan ne asalin rigimar take domin in zafi ya yi yawa alminiyam ya fi ƙarfe saurin buɗewa, sai top ɗin ya ɗan lanƙwashe, gasket ya rasa matsi, wuta ta samu hanya. Tawa alamunta ba su ɓuya ba, ruwa na raguwa a robar ruwa ba ka ga inda yake zuba ba, da safe in an tada ta sai ta yi ta misin kafin ta daidaita, farin hayaƙi a salansa wanda baya ɗaukewa ko inji ya yi zafi, tiyon sama ya ƙame tun motar bata jima da tashi ba, in ka buɗe murfin roba tana sulo ka ga ruwa na ɓulɓulo da kumfa. Da na zaro difstik kuwa baƙin mai ya koma kamar shayi da madara.

A kasuwar Kofar Ruwa ta Kano na siya. Mai shagon ya fito min da kala uku ya jera a kan benci, yace "Alhaji ga na talaka, ga na tsakiya, ga kuma na Jamus, kai dai ka zaɓa da aljihunka." Nace ranka ya daɗe ba ni na ƙarshen in gani tukun. Mai arahan ko kwali bashi da, a leda yake, in ka ɗaga shi sakayau, zoben ƙarfen da ke zagaye da ramin fistin ɗin siriri kuma wani wajen ma ka ga bai kwanta daidai ba. Na Elring ɗin da ka riƙe za ka ji bambanci, ya fi nauyi, zobban a matse suke tsaf, akwai siririn layin roba da aka bi da shi gefen hanyoyin mai da na ruwa, ramukan a yanke sumul babu gashi-gashi. Kuɗinsa ya kusa ninka mai arahan uku. Na ɗan yi tsaki a raina amma da na tuna wahalar kwance top sau biyu sai na zaro kuɗin. Kamfanin na Jamus ne, ElringKlinger, suna cikin masu yi wa kamfanonin motoci gasket tun daga masana'anta, shi yasa ake yawan kwaikwayon kwalinsu, don haka a duba rubutu da lambar da ke jikin gasket ɗin kanshi ba ta kwali kaɗai ba, kuma a je da lambar inji, kar ace wai "na Golf" kawai domin Golf 3 akwai 1.4, akwai 1.6, akwai 1.8, akwai 2.0, ga masu gas, kowanne da nashi.

Cikin saitin na samu top gasket ɗin, da na murfin bawul na roba, da na manifol ɗin iska da na hayaƙi, da oyil sil na kamshaf, da ƙananan sil na bawul guda 8 da wasu zobban roba. Notukan top ba sa ciki, daban ake saida su, kuma a nan ne mutane da yawa ke yin asara. Notukan nan guda 10 irin masu miƙewa ne, ana ɗaure su har sai sun ɗan ja jiki, wannan jan shi ke riƙe top ɗin da ƙarfi ɗaya ko inji ya yi zafi ko ya huce, to wanda ya riga ya miƙe sau ɗaya ba zai sake ba da wannan matsin ba. Kanikawa da yawa wanke tsofaffin suke da fetur su mayar, wani lokacin a dace wani lokacin bayan wata kaɗan mota ta dawo. Ni sababbi na siya, shi ma mai shagon sai da yace "Alhaji ai tsofaffin ma za su yi", nace a dai ba ni.

Aikin kwancewa ba wani abun tsoro bane a wannan injin, fili ne, komai a gabanka. An cire kan batir, an zubar da ruwa da mai, an cire tiyo-tiyo da wayoyi (mun ɗau hoto da waya kafin mu taɓa komai, kuma ya yi amfani sosai), an saita taimin a kan maki sannan aka sassauta bel. Abun da za a kiyaye, distiributa a wannan injin ba kamshaf ke juya ta ba, wani shaf ne daban a jikin bulok wanda shi ma taimin bel ke ja, shi ke juya famfon mai ma, to da zarar bel ya fita shaf ɗin nan da ɗan taɓi kaɗan yake gocewa, in baka yi masa alama ba sai ka gama haɗa komai mota ta ƙi tashi ka rasa dalili. Notukan top kuma soket ɗinsu mai haƙori 12 ne, ba alanki ba, wanda ya cusa alanki ya cinye kan noti ya shiga uku. Ana kwance su daga gefe zuwa tsakiya, kaɗan kaɗan, kuma sai inji ya huce sarai.

Da muka ɗaga top sai ga tsohon gasket ya ci wuta tsakanin fistin na 3 da hanyar ruwa, fistin ɗin ya wanku fes ya fi sauran haske saboda tururin da yake sha. Na ɗora rular ƙarfe a fuskar top ɗin na zura fila gej, siraran ƙarafan nan na auna tazara, Volkswagen sun ce lanƙwasa kar ta wuce 0.1 mm, nawa ya wuce. To nan kam ba aikin gida bane, kar wani ya ruɗe ka da samfefa a kan gilashi ko dutsen guga. Na kai wajen masu injin goge top, suka fara gwada shi ko ya tsage sannan suka ɗan yanke fuskar, kuma na ce musu su auna domin top ɗin irin wannan injin bai kamata tsayinsa ya gaza 132.6 mm ba, tsohuwar mota kuwa baka san sau nawa aka goge ta kafin ta zo hannunka ba. Tunda yana wajensu suka sa min sababbin sil ɗin bawul da suka zo cikin saitin. Aikinsu ya yi kyau, sai dai jira, sai an kawo wuta.

Wajen ɗaurawa ne na ƙara yarda da kayan. Na kankare fuskar bulok a hankali, na toshe ramukan fistin da tsumma mai tsafta saboda ƙurar tsakar gida, sannan ramukan noti duka goma sai da na tsane ruwa da man da suka taru a ciki, domin in ka ɗaure noti a kan ruwa ba shi da wajen gudu, bulok zai iya tsagewa. Gasket ɗin akwai rubutun OBEN ko TOP a jikinsa, wannan ɓangaren ke kallon sama. Na yanke kan tsofaffin notuka biyu na tsaga musu baki na sukundireba na ɗaura su a baya don su riƙe gasket kar ya goce lokacin sauke top, ya zauna cif, kowane rami ya dace da ɗan'uwansa babu wanda ya rufe rabi. Ƙanena har ya ɗauko gam zai shafa, nace kai ajiye, a bushe ake sa gasket ɗin. Yace "Yaya a garejinmu fa kullum sai an shafa", nace shi yasa kullum motocin ke dawowa garejinku. Gam ɗin nan in ya matsu ciki yake shiga ya toshe ƙananan hanyoyin ruwa da mai, kuma yana hana gasket kama ƙarfe yadda aka tsara shi.

Ɗauri kuma dole sai da tok renci, sifanar da ke auna ƙarfin ɗauri da ma'aunin Nm, na aro ne. Daga tsakiya ake farawa ana fita gefe a giciye, zagaye na farko 40 Nm, na biyu 60 Nm, sannan a ajiye tok renci a ɗau dogon hannu a ƙara juya kowane noti digiri 90, wato kwatan zagaye, a sake zagayowa a ƙara wani 90. Na ɗiga farin fenti a kan kowane noti don in san wanda na juya da wanda ban juya ba, domin a zagayen ƙarshe hannu na gajiya kai kuma ya ruɗe. Wannan ɗaurin na "ja har sai ya yi ƙara" da ake yi da bututu a kan sifana, wallahi shi ke kashe gasket mai kyau a zo ana zagin mai shago.

Sharaɗin da na faɗa a sama shi ne a nemo abun da ya ƙona na farkon. Tawa da na duba babu tamostat sam, an cire tun kafin in siya, kamar yadda ake yi wa motoci da yawa da suka shigo ƙasar nan wai tamostat na ƙasar sanyi ne, fanka kuma an haɗa ta dairek, sannan ruwan rijiya ake ɗura mata har lagireto ya cika da tsatsa da gishiri. Ga kuma bakin robar nan da ke jikin top inda tiyo ke shiga ya tsage yana tsiyaya a ɓoye. Na sa sabon tamostat, na mayar da fanka kan suwic ɗinta, na canza bakin robar da murfin robar ruwa domin shi ke riƙe firesha a Golf 3 tunda lagiretonta bashi da murfi, aka wanke lagireto, na zuba kulant haɗe da ruwa mai tsafta. A kula kar a gauraya kulant irin G11 da irin G12, a tsaya kan guda ɗaya. Tunda bel a waje yake na sa sabo da tenshina. Juye kuma sau biyu na yi, na farko da mai mai araha da filta don ya kwashe ragowar ruwan da ke ciki, bayan ɗan yawo na zubar na sa na kirki.

Yanzu ta shiga zafin Afrilu na Kano da ke haura digiri 40, ta sha cunkoson Kurna da na 'Yankura, allurar zafi na tsayawa wajen 90 fanka ta tashi ta mutu da kanta, ruwa yana inda na bar shi, mai ya tsaya kalarsa, murfin bawul ma da ya saba jiƙewa ya bushe. Irin waɗannan notukan ba a sake ɗaure su bayan an yi tafiya, don haka ban ƙara taɓa su ba. Wanda bashi da tok renci kuma ba inda zai ara, ko motar ita kaɗai ce abun neman abincinsa ba zai iya ajiye ta ba har top ya dawo daga wajen guga, gara ya siyi saitin da notukan da kanshi ya kai wa bakanikensa, ya nemi benci ya zauna a wajen har a gama ɗauri a gabansa.