WhatsApp Business: Manhaja Mai Kyau da 'Yan Kasuwar Zariya Ba Su Gama Cin Moriyarta Ba

Tun 2018 aka fitar da WhatsApp Business, wato manhajar WhatsApp ta 'yan kasuwa, kuma kyauta ake sauke ta. Yau da wuya ka samu mai sayar da atamfa a Kasuwar Sabon Gari, ko mai yin cincin da alkaki a Tudun Wada, da ba shi da ita a waya. Manhajar ta cancanci yabo. Abin takaicin shi ne, yawancin masu ƙananan sana'o'i sitatus kaɗai suka sani a cikinta, shi kuwa awa 24 ne ya ɓace.

Inda amfanin yake shi ne katalog, wato shafin baje kolin kaya, wanda aka ƙara a 2019. Yana ɗaukar kaya har 500, kowanne da hotunansa, sunansa, farashi da bayani. A nan ne kuma ake tafka kuskuren da ya fi cin kuɗi: a ɗora hoton shadda, a bar gurbin farashi wayam, a rubuta "a biyo ni ta inbos". Ɗalibar da ke Samaru tana leƙa waya tsakanin lacca da lacca, ba za ta tambayi "nawa ne?" ta zauna jiran amsa har la'asar ba. Wanda ya rubuta kuɗinsa shi za ta yi wa magana. A fayyace komai: yadi biyar ne ko goma, launuka nawa suka rage, kuɗin mai babur zuwa Kongo ko Shika na ciki ko a'a. Hoton ma mai kaya ya ɗauka da hannunsa, da hantsi, a bakin ƙofar shago, domin farin ƙwan lantarki kan sa ruwan toka ya fito kamar shuɗi. Wanda aka kwaso daga shafin wani a Instagram shi ke jawo "ba wannan na gani ba", a dawo da kaya, a yi asarar kwastoma.

Saƙon bai-ɗaya, wato wanda ake tura wa mutane da yawa lokaci guda, yana da iyakar da mutane da yawa ba su lura da ita ba. Mutum 256 yake ɗauka a jeri guda, kuma sai wanda ya adana lambarka zai samu. Idan suka ga shiru, sai wasu su koma tura mutane cikin guruf ba izini. Idan masu kai ƙorafi suka yi yawa, rufe asusun WhatsApp ɗin ake yi. Gara a buga lambar QR ta manhajar, wadda kwastoma zai haska da kyamarar waya ya same ka, a liƙa a ƙofar shago, ko a sa adireshin wa.me/234 a shafin Facebook, a bi shi da lambar waya ba tare da sifilin farko ba.

Amsar gaggawa, wato saƙon da aka adana ake fito da shi ta danna alamar "/", na hutar da mutum rubuta lambar asusun banki sau ashirin a rana.

Inda manhajar ta gaza: ba ta karɓar kuɗi a Najeriya, don haka ba ta da hanyar tabbatar da biya. Hoton rasit ba kuɗi ba ne. Kada a kai kaya tashar Kwangila sai an buɗe manhajar banki an ga kuɗin sun zauna.

Sai batun tsaro, wanda don Allah kada a yi wasa da shi. Duk wanda ya kira ya ce a karanto masa lambobi shida da suka shigo ta tes, ko da sunan taron ƙungiya ko tallafi, ɓarawon asusun WhatsApp ne, kuma da sunanka zai bi kwastomominka yana karɓar kuɗi. A shiga saituna, a kunna tabbatarwa mai mataki biyu, a sa lambar sirri da imel. Layin kuma ya kasance da sunan mai shago aka yi masa rajista. Manhajar na yarda a haɗa wasu na'urori har huɗu, saboda haka yaron shago zai iya amsa saƙonni daga tasa wayar, sim ɗin na aljihun maigida.