ActiGraph wGT3X-BT: 'yar na'urar auna motsin yara, da inda take ruɗar mai bincike

Duk malamin jami'ar da ya shiga binciken motsa jikin yara, ba ya daɗewa sai ya ci karo da wannan na'ura. Kamfanin ActiGraph da ke Pensacola a jihar Florida ta Amurka ne ya ƙera ta. Nauyinta giram 19 ne kacal, tana auna motsi ta fuska uku, tana kuma ɗaukar bayani sau 30 zuwa 100 a cikin sakan guda. Ana ɗaura wa yaro ita a ƙugun dama da ɗamarar roba ya yi kwana bakwai, sannan a sauke bayanan cikin manhajar ActiLife.

Jikinta ba shi da abin kushewa. Ba allo, ba maɓallin da yaro zai riƙa latsawa, caji ɗaya kuma yana wuce mako uku idan an saita ta a sau 30.

Inda gizo ke saƙa shi ne saiti. Yaro ba ya motsa jiki irin na babba: ya zabura da gudu, ya tsaya, ya sake zabura. Binciken Bailey da abokan aikinsa na 1995 ya nuna cewa motsi mai ƙarfi na yara yawanci bai wuce 'yan sakanni ba. To, manhajar tana tattara motsi ne gaɓa-gaɓa. Idan aka bar gaɓar a sakan 60, yaron da ya sheƙa gudun sakan 10 ya tsaya na 50, za a haɗa a raba, gudun ya narke ya koma motsi mai sauƙi. A sa sakan 15 ko ƙasa da haka. Kuskure ne da ɗaliban digiri na biyu ke yawan yi, kuma ba ya nuna kansa, domin alƙaluman suna fitowa tsaf kamar ba komai.

Sai iyakokin ƙidaya, wato lambobin da manhajar ke auna ƙarfin motsi da su. Na binciken Evenson na 2008 su aka fi amfani da su: a kowane sakan 15, ƙidaya 25 zuwa ƙasa zama ne, daga 574 motsi matsakaici, daga 1003 mai ƙarfi. An samar da su ne da na'ura a ƙugu. Wanda ya ɗaura a wuyan hannu (yara sun fi jure hakan, gaskiya) sannan ya yi aiki da waɗannan lambobi, zai ga kusan kowane yaro ya cika minti 60 na motsi matsakaici zuwa mai ƙarfi a rana da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara ga 'yan shekara 5 zuwa 17. Hannu ne ya yi ta rawa, ba jiki ba.

Akwai abin da ba ta gani. Tuƙa keke ba ya girgiza ƙugu sosai, ɗaukar kaya da hawan tudu ba ta san wahalarsu ba, iyo kuwa yawanci cire ta ake yi. Idan gudu ya yi sauri ƙwarai ƙidayar takan daina hawa, saboda matatar da ke zubar da girgiza mai yawa.

ActiLife sai da lasisi, wanda kan takura wa ƙaramin sashe mai ɗalibai da yawa. Mafita ita ce a adana ɗanyen bayanin a tace shi da GGIR, manhajar kyauta da ke aiki cikin R, wata manhajar nazarin alƙaluma.

Ta cancanci saye, musamman don tarin binciken da aka riga aka yi da ita yana sauƙaƙa kwatanta sakamako. Amma kafin a raba wa yara, a rubuta ƙa'idar rana mai inganci, misali awa 10 a jiki, kwana huɗu har da ɗaya na ƙarshen mako. A kuma ba iyaye takardar rubuta lokacin cirewa da mayarwa, don ƙidayar sifiri ta minti 20 a jere tana iya zama na'ura ce a kan tebur, tana iya zama yaro ne ya ƙura wa talabijin ido.